Yadda Ake Shiga Aikin Jiragen Gwaji da Sabbin Injuna, Mataki-Mataki

Tun da jirgin gwaji na X-59 ya yi tashinsa na farko a watan Oktoba na 2025, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, kowa da irin lafazinsa: ta ina ake shiga wannan aiki? Wasu ɗalibai ne masu shirin shiga jami'a. Wasu sun riga sun gama digiri a injiniyancin kanikanci ko na lantarki, suna neman karkata. Wasu kuwa bidiyon wani inji suka kalla, wanda aka ce yana turi ba tare da mai ba, barci ya ƙaurace musu. Amsar ta fi ƙarfin layi biyu, shi ya sa na jero ta a nan bisa tsarin da ya kamata a bi.

Mutumin da ake ɗauka a wannan fanni shi ne wanda zai ce lissafina ya nuna kaza, ya je ya auna, ya dawo ya faɗi inda lissafin da awon suka saɓa, ya kuma kawo dalili. Matakan da ke ƙasa hanyar zama wannan mutumin ce.

Mataki na 1: Zaɓi kujerar da kake nema

Jirgin gwaji aikin taro ne. Akwai masu nazarin yadda iska ke bi ta jikin jirgi, da masu gangar jiki da kayan ƙira, da masu inji, da masu manhajar sarrafa tuƙi, da masu na'urorin awo, da injiniyoyin gwajin tashi waɗanda ke tsara abin da za a gwada kowace rana. Idan ka ce kawai kana son ka ƙera jirgi, ba ka ce komai ba tukuna.

Dubi X-59 ɗin kansa, wanda kamfanin Lockheed Martin ya ƙera wa NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. Abu ɗaya aka gina shi ya gwada: ko siffar jirgi za ta iya rage ƙarar da ake ji a ƙasa in ya wuce gudun sauti. Hancinsa ya cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawonsa, har matuƙin bai da tagar gaba, sai kyamara da allo. Injinsa kuwa ba sabo ba ne, F414 ne na kamfanin GE da aka daɗe ana amfani da shi. Ƙafafun sauka daga jirgin yaƙi na F-16 aka ɗauko, kujerar tsira da murfin matuƙi daga jirgin horo na T-38. Ka ga ke nan, mai kyamara da manhaja ya samu aiki babba a jirgin, mai ƙirƙirar sabon inji bai samu ba. Haka mafi yawan jiragen gwaji suke, abu ɗaya ne sabo, sauran aro ne.

Ka zaɓi fanni biyu, ɗaya babba ɗaya na kusa da shi. A ganina na'urorin awo da manhajar sarrafawa su ne ƙofofin da cunkoso ya fi sauƙi, don kowa siffar fiffike yake so ya zana. Lantarki ma ya zama babbar ƙofa. Jirgin X-57 mai aiki da batir an rufe shirinsa a 2023 bai taɓa tashi ba, kuma matsalolin da suka riƙe shi na batir ne da na'urorin juya wuta da injinan lantarkin.

Mataki na 2: Duba ko ƙofar za ta buɗe maka kafin ka kashe kuɗi

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi cin mutane. Amurka tana da dokokin da ake kira ITAR, masu hana fasahar makamai fita hannun baƙi, kuma roka da jiragen yaƙi da injinan gudun wuce sauti da yawa suna ƙarƙashinsu. Wanda doka ta yarda ya taɓa irin wannan aiki kai tsaye shi ne ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, ko wanda aka ba mafaka a hukumance. Bizar karatu ba ta cikin lissafi. Ayyukan sirri kuwa sai ɗan ƙasa zalla, haka ma zama cikakken ma'aikacin NASA. Hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, ita ma 'yan ƙasashen da ke cikinta da abokan hulɗarta take ɗauka. A Birtaniya, ɗaliban ƙasashe da yawa masu neman digiri na biyu ko na uku a wannan fanni sai sun samu takardar izinin ATAS kafin a ba su biza, kuma tana ɗaukar makonni.

Abin da za ka yi: buɗe tallan aiki goma na kamfanonin da kake mafarki, ka gangara ƙasa can inda aka rubuta sharuɗɗan ɗan ƙasa, ka karanta. Minti talatin ya isa, kyauta ne kuma.

Gargaɗi: kada ka ci bashin karatu a wata ƙasa bisa zaton digirin zai goge wannan sharaɗi. Ba ya gogewa. Ƙofofin da suka fi buɗuwa ga baƙo su ne binciken jami'a wanda ake wallafawa a fili, da jiragen fasinja, da ƙananan jirage marasa matuƙi na farar hula, da kamfanonin jiragen lantarki, da manhajojin da kowa ke iya sa hannu a cikinsu.

Mataki na 3: Lissafi da fiziks, bi da bi

Tsarin shi ne kalkulas, sai lissafin da ke bayyana yadda abu ke sauyawa da lokaci, sai aljabarar matiris, sai ƙididdiga. Bayan su ne ilimin motsi da ƙarfi, ilimin zafi da makamashi, kwararar ruwa da iska, juriyar kayan ƙira, da ka'idar sarrafa na'ura. Kada ka yi tsalle zuwa darasin iska mai gudun wuce sauti alhali ilimin zafi bai zauna maka ba, don rabin darasin shi ne. Jami'ar MIT ta zuba darussanta da tambayoyin jarrabawa kyauta a OpenCourseWare. Ka riƙa warware tambayoyin da biro, kallon lacca kawai ba ya zaunar da komai. Ka koyi Python tun yanzu, ka kuma gyara Turancinka na rubutu, don rahoto shi ne abin da injiniya ke miƙawa.

Gargaɗi: rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, kullum. Harkar jiragen sama har yau tana cakuɗa ƙafa da mita, fam da niyuton. A 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta saboda wani ɓangare ya ba da lambobi da ma'aunin fam, ɗayan ya karanta su a matsayin niyuton. Fam ɗaya na ƙarfi niyuton 4.45 ne.

Mataki na 4: Digiri, da abin da yake ci

Ba dole sai digirin farko ya kasance na jiragen sama ba. Injiniyancin kanikanci, lantarki, kwamfuta, kayan ƙira ko fiziks duk suna kai mutum, har ma sun fi ba shi wurin komawa in kasuwar jirage ta yi sanyi. Abin dubawa shi ne a ce hukumar injiniyoyi ta tantance kwas ɗin, a ce kuma akwai ɗakin gwaji da ɗalibai ke taɓa kayan da hannunsu.

Digiri na biyu ne wurin ƙwarewa. Sunayen da za ka riƙa ji sun haɗa da Delft a Holan, Cranfield a Ingila, ISAE-SUPAERO a Tulus ta Faransa, cibiyar von Karman a Beljiyam, da Purdue da Georgia Tech da Caltech a Amurka. Amma ka bi malami da ɗakin gwajinsa, ba sunan makaranta ba. Idan injin sikiramjet kake so, wato injin da ke ƙona mai a cikin iskar da ke ratsa shi da gudun wuce sauti, nemi inda ke da ramin gwajin iska mai wannan gudun, kamar Jami'ar Queensland a Ostireliya, ka karanta takardu biyu na malamin kafin ka rubuta masa.

Batun kuɗi ya bambanta ƙwarai. Mafi yawan jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart take, tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓa daga 2024. A Amurka digiri na biyu na kwas zalla tsada gare shi, amma ɗalibin digirin digirgir a injiniyanci galibi ana yafe masa kuɗin makaranta a kuma ba shi alawus, a madadin aikin bincike ko koyarwa. Akwai tallafin DAAD, Erasmus Mundus, Chevening da Fulbright. Ana rufe neman yawancinsu kusan shekara guda kafin a fara karatu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 5: Haɗa kayan aikin kwamfuta

Kusan duk abin da kake buƙata a farko kyauta ne. XFOIL, wanda Mark Drela na MIT ya rubuta, na nazarin yankin fiffike ne. XFLR5 yana ɗora fiffike da jela a kai ya nuna maka daidaiton jirgin. OpenVSP na NASA na zana siffar jirgi gaba ɗaya ne. FreeCAD na zanen sassa. OpenFOAM da SU2 na kwaikwayon kwararar iska. CEA na NASA yana lissafa ƙonewar mai a injin roka, OpenRocket kuma tafiyar ƙananan rokoki. MATLAB na kuɗi ne, in makarantarku ba ta da lasisi GNU Octave zai riƙe ka. Rumbun rahotannin NASA na intanet yana ɗauke da rahotannin gwaji tun zamanin hukumar NACA, wadda ta gabaci NASA, da ainihin lambobin da aka auna.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka ta isa ga komai ban da manyan ayyukan kwaikwayon iska. Kada ka sayi mai tsada tukuna.

Yadda za ka fara: ɗauki fiffiken da aka riga aka auna a ramin gwajin iska, kamar NACA 2412, ka sa shi a XFOIL, ka ɗora sakamakonka a kan lambobin rahoton. Za ka ga sun tafi tare a ƙananan kusurwoyin da fiffike ke fuskantar iska da su, sannan su rabu kusa da inda iska ke ɓallewa daga bayan fiffike. Wannan rabuwar ita ce darasin.

Gargaɗi: hoton kwaikwayon iska mai launi ja da shuɗi yana da kyau a ido, kuma manhaja za ta fitar da shi ko da lambobin da ka ba ta shirme ne. Kada ka nuna wa kowa irin wannan hoton sai ka maimaita lissafin da raga mafi ƙanƙanta (ƙananan gidajen da manhaja ke raba iskar cikinsu) ka ga amsar ba ta motsa ba, ka kuma gwada ta da wani awo na zahiri.

Mataki na 6: Ƙera ƙaramin jirgi, amma lissafi kafin wuƙa

Nan ne zan daɗe, don wannan matakin ne ke raba mai sha'awa da injiniya. Kayan su ne allon soso mai tauri ko katakon balsa, sandar kabon don ƙashin fiffike, injin lantarki da na'urar sarrafa gudunsa, farfela, batirin LiPo da cajarsa, ƙananan injinan motsa fiffike guda huɗu, rimot da mai karɓar saƙonsa, da kwakwalwar tuƙi irin Pixhawk mai ɗauke da manhajar ArduPilot ko PX4 don ta riƙa rubuta bayanan tafiya. Sai sikelin dijital, da na'urar auna wuta. Jimillar takan tsaya a 'yan ɗaruruwan daloli, rimot da kwakwalwar tuƙi ne masu cin kaso mafi girma, su ne kuma ke tsira in jirgin ya faɗi. Ka ware kuɗin farfela da yawa, za su kakkarye.

Na farko, rubuta tambaya ɗaya da jirgin zai amsa. Misali, nawa ne mafi ƙarancin gudun da zai iya tashi da shi, kuma nawa gudun zai ragu in na ƙara masa faifan bayan fiffike?

Na biyu, jera nauyin kowane sashe a tebur, da nisansa daga hanci. Auna su a sikeli, kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali.

Na uku, lissafa. A ce jirgin kilo 1.5 ne, wato nauyin niyuton 14.7. Fiffiken tsawonsa mita 1.5, faɗinsa santimita 20, fili ke nan na murabba'in mita 0.30. Ƙarfin ɗagawa shi ne rabin kaurin iska, sau gudu sau gudu, sau filin fiffike, sau lambar ɗagawa, wadda siffar fiffike da kusurwarsa ke bayarwa. Kaurin iska a daidai teku kilo 1.225 ne a kowace mita kubik. In ka ɗauki lambar ɗagawa mafi girma a matsayin 1.1, gudun da jirgin zai kasa riƙe kansa ya fito kusan mita 8.5 a daƙiƙa. Rubuta wannan lambar da kwanan wata kafin ka yanka komai. Ita ce hasashenka, kuma ba a gyara ta bayan an ga sakamako.

Gargaɗi: a wuri mai tudu ko mai zafi iska ta fi sirantaka, gudun zai haura. Sannan ƙaramin jirgi irin wannan a gudun mita 12 lambar Reynolds ɗinsa, wadda ke haɗa gudu da faɗin fiffike da yanayin iska, wajen 160,000 ce kawai, alhali ta manyan jirage miliyoyi ce. Fiffiken da ya yi fice a babban jirgi yana iya zama rago a naka, don haka ka sa lambar da ta dace a XFOIL.

Na huɗu, cibiyar nauyi. A jirgi mai siffar da aka saba, ka fara da ita tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga bakinsa na gaba. A misalinmu santimita 5 zuwa 6 ke nan. Ɗiga alama biyu a ƙarƙashin fiffike, ɗora jirgin a kan yatsu biyu da batir a ciki, ya kwanta daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. In jela ce ta rinjaya, matsar da batir gaba. Jirgin da nauyinsa ya koma baya ba ya jin magana, kuma wannan ne ya fi kashe tashin farko.

Na biyar, auna turin injin a ƙasa. Ana haɗa ma'aunin da ƙaramar na'urar auna nauyi ta kilo 5, da guntun allon HX711 mai karanta ta, da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino. Kafin ka kunna inji, rataya mata nauyin da ka sani, gram 200, 500, 1,000, ka tabbatar tana faɗin gaskiya, ka sake bayan gwaji. Rubuta turi da wutar da inji ke ja a kowane mataki na maƙura.

Gargaɗi: cire farfela duk lokacin da kake saita manhaja ko rimot. In za ka gwada da ita, tsaya a baya, kada ka tsaya a gefenta, ka sa tabarau na kariya. Batirin LiPo kuma kada ya wuce bolt 4.2 a kowane ɗakin batirin (sel), kada ya faɗi ƙasa da 3.0, a ajiye shi a wajen 3.8. Ba a cajinsa a tafi a bar shi, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki.

Na shida, gwada ƙarfin fiffike. Kifa shi, ka jera ƙananan jakunkunan yashi a kansa har su kai ninki uku na nauyin jirgin, ka auna yadda bakinsa ya lanƙwasa. Gara ya karye a tebur.

Mataki na 7: Gwajin tashi

Fara da doka. Ƙasashe da yawa sun kayyade tsayin mita 120, suna neman rajista ga abin da ya kai gram 250, sun kuma hana tashi kusa da filin jirgi da wuraren tsaro. Nemi ƙa'idar hukumar jiragen sama ta inda kake. In ba ka iya tuƙi ba, yi atisaye a manhajar kwaikwayo, ka ba wanda ya ƙware ya yi tashin farko. Ba abin kunya ba ne, masu ƙera manyan jiragen ma ba su ke tuƙa su ba.

Kowane tashi yana da katinsa: abin da za a gwada, tsayi, gudu, da sharaɗin da in ya faru za a sauko nan take. Tashin farko ba ya gwada komai sai cewa jirgin yana tashi, yana juyawa, yana sauka. Daga nan ake faɗaɗawa kaɗan-kaɗan. Jirgin gwaji mai injin roka X-15 ya fara tashi a 1959, amma sai a Oktoban 1967 Pete Knight ya kai shi ninki 6.7 na gudun sauti, cikin shirin da ya yi tashi 199.

Don auna hasashenka, hau sama sosai, rage maƙura a hankali kana riƙe hanci har jirgin ya saki. Ka tuna GPS gudun ƙasa yake nunawa, fiffike kuwa gudun iska ya sani. In ba ka da bututun auna gudun iska, yi gwajin kana fuskantar iska, ka sake kana ba ta baya, ka ɗauki tsakiya. Maimaita aƙalla sau biyar. In ka samu 9.6 maimakon 8.5, to aiki ya fara: nauyi ne ya ƙaru da gam da tef, ko fiffiken bai fito da siffar da ka zana ba, ko lambar 1.1 ce ta yi yawa?

Gargaɗi: canji ɗaya a kowane tashi, kuma kowane canji a rubuta shi inda kowa zai gani. A Janairun 1995 jirgin X-31 ya faɗi kusa da sansanin Edwards bayan ƙanƙara ta toshe bututun auna gudunsa. An sauya bututun da wani marar na'urar ɗumamawa, labarin kuma bai isa ga duk wanda ya kamata ba. Kwamfutar tuƙi ta samu gudun ƙarya, matuƙin ya tsira da kujerar tsira, jirgin ya tafi.

Mataki na 8: Koyi tace labarin sabbin injuna

Kasa su gida uku. Gidan farko, waɗanda suka yi aiki a sama amma ba su gama nuna ba tukuna. Sikiramjet na X-43A ya kai ninki 9.6 na gudun sauti a Nuwamban 2004, injin ya ci wuta na kusan daƙiƙa 10 kacal. X-51A a 2013 ya riƙe wuta kusan daƙiƙa 210. Injin fashewa mai zagayawa, hukumar JAXA ta Japan ta gwada shi a sararin samaniya a 2021, NASA kuma ta kunna nata a ƙasa daƙiƙa 251 a 2023. A 2018 ƙungiyar Steven Barrett a MIT ta tashi jirgi mai fiffike mita 5 da iskar da wutar lantarki ke turawa, ba farfela, ya yi tafiyar kusan mita 60 a cikin zauren wasanni. A wannan gidan ayyuka da guraben digiri suke.

Gida na biyu, fiziks ya yarda amma kuɗi ko kayan ƙira sun hana. Rokar nukiliya an gwada ta a ƙasa a shirin NERVA tun shekarun 1960, har yau ba ta tashi ba. Kamfanin Reaction Engines na Birtaniya ya shafe shekaru sama da talatin a kan injin da zai shaƙi iska sannan ya koma roka, ya durƙushe a 2024. In za ka shiga nan, ka riƙe sana'ar da za ta yi amfani a wani wuri, kamar musayar zafi ko kayan da ke jure wuta.

Gida na uku, waɗanda ke neman sabon fiziks. Shawarar Miguel Alcubierre ta 1994 ta lanƙwasa sarari lissafi ce a takarda, mai buƙatar wani nau'in makamashi da ba wanda ya san yadda za a tara shi. Wannan aikin masana ka'idar fiziks ne.

Tambayoyin da za ka yi wa kowane iƙirari: me injin yake jefawa baya? Daga ina wutarsa take fitowa, nawa ne kuma nauyin abin da ke samar da ita? Turi nawa a kowane kilowat? An auna a ɗakin da aka zuƙe wa iska? An juya injin baya an ga turin ya juya? Wani ɗakin gwaji daban ya maimaita?

Gwada su a kan EmDrive, akwatin tagulla da aka ce yana turi ba ya jefa komai. Takardar da wani ɗakin binciken NASA ya fitar a 2016 ta ba da miliniyuton 1.2 a kowane kilowat. Wannan nauyin kusan gram 0.12 ne, daga na'urar da ke ɗumama tana buɗewa a kan ma'auni. Haske zalla, in ka harba shi baya, yana ba da kusan mikironiyuton 3.3 a kilowat, wato iƙirarin ya ninka abin da fiziks ya yarda sau ɗari uku da wani abu. Ƙungiyar Martin Tajmar a Dresden ta gina ma'auni mafi kyau, ta sake gwajin, a 2021 ta ba da rahoton cewa zafi ne ke gurɓata ma'aunin, da aka gyara wurin rataya turin ya ɓace. Abin lura ga mai neman aiki shi ne gwanintar da ta warware zancen ita ce ta ƙaramin ma'aunin da ka haɗa a mataki na 6, an dai tsananta ta ne. Masu injinan ayon na gaske, waɗanda ke tura kumbo ta harba iskar gas da lantarki, su ma ita suke nema, don injin kumbon Dawn turinsa duka wajen miliniyuton 90 ne.

Ka kuma saba da ma'aunin nunar fasaha na NASA mai hawa 1 zuwa 9. Hawa na 1 ka'ida ce kawai, na 9 abin da ya riga ya yi aiki a fagen gaske. In kamfani ya kira ka, tambayi hawan da suke, da kuɗin wata nawa suka rage musu.

Mataki na 9: Mayar da aikin takarda, ka nemi shiga

Kowane aiki ka rubuta masa rahoton shafi biyu: tambaya, hasashe, yadda aka auna, jadawali ɗaya mai ɗauke da hasashe da awo tare, girman kuskuren awon, da abin da za ka sauya. Sa hoton jirgin da ya karye in ya karye, da dalilin. Ɗora lambobin da manhajar a GitHub, shafin intanet na ajiye manhajoji. Rahoto uku irin wannan sun fi takardun shaidar kwas ashirin na intanet nauyi.

In kana jami'a, shiga ƙungiyar gasa, kamar Design/Build/Fly ta AIAA, ƙungiyar injiniyoyin jiragen sama ta Amurka, ko SAE Aero Design, ka karɓi sashe ɗaya ya zama naka. In babu ƙungiya, gyara wani kuskure a ArduPilot ko SU2 ka aika. Masu duba gyaran injiniyoyi ne na gaske, kuma sunanka zai zauna a wurin. Nemi gurbin sanin makamar aiki tun shekara ta biyu, ko da a wurin gyaran jirage ne ko masana'antar da ke yi wa wasu sassa.

A ganawa za a ɗauki aiki ɗaya a yi ta tono. Bambance abin da kai ka yi da abin da ƙungiya ta yi. In ba ka san amsa ba, faɗi yadda za ka auna ta.

Gargaɗi: kada ka sa zane ko lambobin wurin da ka yi aiki a cikin abin da kake nunawa, sai da izini a rubuce. A wannan fanni hakan yana iya wuce kora ya kai ga kotu.

Mataki na 10: In kujerar cikin jirgin kake so

Matuƙan gwaji galibi daga soja suke fitowa, da sa'o'in tashi masu yawa da digirin kimiyya ko injiniyanci, sannan a tura su makarantar gwaji: ta sojan saman Amurka a Edwards, ta sojan ruwa a Patuxent River, ta Empire a Boscombe Down ta Ingila wadda aka kafa a 1943, ko EPNER a Istres ta Faransa. Akwai masu zaman kansu a Mojave ta Kalifoniya da kuma London ta jihar Ontario a Kanada, amma cikakken kwas na shekara guda yana kaiwa wajen dala miliyan ɗaya, shi ya sa gwamnati ko kamfani ne ke biya wa mutum.

Makarantun nan suna horar da injiniyoyin gwajin tashi tare da matuƙan, kuma wannan kujerar ba ta buƙatar ka zama matuƙi. Injiniyan ne ke rubuta katin gwaji, ya zauna a ɗakin sa ido ko a cikin jirgin yana kallon lambobi, yana da ikon cewa a dakata. Hanyar da aka fi bi ita ce ka shiga kamfani ta sashen na'urorin awo ko nazarin bayanan tashi, ka yi shekara biyu ko uku, sannan ka nemi su tura ka gajeren kwas na 'yan makonni kafin dogon. Lasisin tuƙin ƙaramin jirgi ko na jirgi marar inji yana taimakawa wajen fahimtar abin da matuƙi ke faɗa ta rediyo, amma ka je likitan jiragen sama ya duba idonka da zuciyarka kafin ka biya kuɗin darasin farko.